Wutar Aachen da wutar Baba

Na sauka Aachen a Jamus cikin watan Nuwamba, sanye da rigar sanyin da na saya a gwanjo a kasuwar Wunti. Ban yi sati ba na gane hunturun Bauchi wasan yara ne. Ƙarfe biyar ba ta yi ba gari ya yi duhu, ran Lahadi kuma shaguna a rufe. Lahadin farko da ruwan shayi da busasshen burodi na kwana.

Aikina kuwa na wuta ne. A garin nan cibiyar bincike ta Fraunhofer ta fito da dabarar ƙera abubuwa shimfiɗi bisa shimfiɗi ta hanyar narkar da garin ƙarfe da hasken leza, wato siririn haske mai tsananin ƙarfi, a 1995. Inji ya shimfiɗa gari, kaurinsa bai kai silin gashi ba, leza ta bi ta narkar da inda ake so, a sake shimfiɗa wani a kai, duk cikin akwati mai iskar argon don kada oksijin ya ɓata ƙarfen.

Duk rigimar tana kan ɗan ɗigon nan da ya narke. Wuta ta yi yawa, ƙarfe ya tafasa, tururinsa ya haƙa rami, ramin ya rufta ya bar kumfa a ciki. Ta yi kaɗan, sabon shimfiɗi ya ƙi kama na ƙasa. Abin da ya kayar da ni kuwa, gari ba ya jan zafi kamar dunƙulallen ƙarfe. Na gina wani abu mai leɓe a rataye, ban sa masa madogara ba. Zafi ya rasa mafita, leɓen ya lanƙwashe sama, abin shimfiɗa gari ya yi karo da shi. Aikin kwana biyu ya bi ruwa, kuma laifina ne.

Da dare na kira Baba, wanda tun ban san kaina ba yake zuba tukwanen alminiyum a yashi. Ya saurara, ya ce, "In yashi da danshi, tukunya sai ta yi ƙuraje. Naku garin a bushe yake?" Na yi shiru. Ashe su ma nan sukan busar da garin alminiyum, don danshi yana barin ƙananan ramuka.

Inna ta karɓi wayar, tana tambaya ko na samu tanda. Na ce sai kaskon suya, masar ma ta ƙone ta waje, cikinta ɗanye. Ta ce, "Kai da ake biya don wuta? Rage ta mana."