Mamdani ko Sugeno: ku fara duba abin da ke hannunku

Ƙannena masu shirin aikin kammala digiri a kan tsarin fazi (fuzzy logic, wato lissafin da ke karɓar amsar da ke tsakanin eh da a'a), tambayar "wanne ya fi, Mamdani ko Sugeno?", wato hanyoyi biyu na gina irin wannan tsari, ita ta ɓata mini lokaci.

Aikina na'ura ce mai kunna injin ban ruwa a gonar rani ta dankalin turawa, a gefen wani kududdufi da masu haƙar kuza suka bari a bayan garin Jos. Tun 1965 Lotfi Zadeh ya nuna cewa ba dole amsa ta zama eh ko a'a ba. Bushewar ƙasa na iya zama 0.7, tsakanin 0 (a'a) da 1 (eh). Daga nan hanya ta rabu. A 1975, a Landan, Ebrahim Mamdani da Assilian sun sarrafa injin tururi da dokoki irin maganar mutane: idan kaza ya faru, yi kaza. Hukuncin ma kalma ce, "kaɗan" ko "da yawa", sai daga ƙarshe a mayar da shi lamba ɗaya, galibi ta neman tsakiyar nauyin siffar da dokokin suka haɗa. A 1985 Takagi da Sugeno suka mayar da ƙarshen kowace doka lissafi kai tsaye. Ya fi sauri, bai yi wa ƙaramar na'ura nauyi ba, kuma yana koyo daga bayanai, kamar yadda ANFIS, tsarin Jang mai gyara dokokinsa da kansa, ya nuna a 1993.

Na zaɓi Sugeno don kawai ya fi burgewa a takarda. Bayanan da zan koyar da shi kuwa, ba ni da su, sai na riƙa ƙirƙiro lambobin da ka. Na ƙara wa kaina wahala da ma'auni 4 (danshi, zafi, iska, kwanakin shuka), kowanne mataki 5. Ku lissafa: dokoki 625 ke nan. Ranar da injin ya cika kunyoyi da ruwa har ganye ya fara rawaya, na rasa wace doka zan kama da laifi.

Alhali ilimin yana tsaye a gabana. Mai gonar zai dumbuzi ƙasa ya matse a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, in ta dunƙule ba ta farfashe ba, ƙyale ta. In iskar hunturu ta kaɗa, ƙara ruwa ko da ana sanyi." Dokokin Mamdani ne tsaf, rubutawa kawai suka rage.

Na koma Mamdani da ma'auni 2, mataki 3, dokoki 9. Na karanta wa Baba mai gonar su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara mini inda na yi zaton sanyin Jos na hana ƙasa bushewa.

Sugeno na da ranarsa. In kun tara awon danshi da zafi na kakar rani guda, ku ɗauko shi, zai yi muku aiki mai santsi. Ko a nan ɗin, ku ware wani ɓangaren bayanan da tsarin bai taɓa gani ba, ku gwada shi da shi kafin ku haɗa shi da injin wani.