Na'urar zuciya da takardar mallakarta

Wallahi duk sanda na tuna ƴar na'urar nan da ake dasawa a ƙirji ta daidaita bugun zuciya sai mamaki ya kama ni. A 1958 aka fara dasa wa wani mutum, Arne Larsson, a Suwidin, ta farkon ma awoyi kaɗan ta yi ta tsaya, amma an yi ta canza masa har ya kai 2001 da ransa. Wani injiniya kuma, Wilson Greatbatch, a Amurka ya samu takardar mallakar tasa na'urar a 1962.

Irin takardar nan fa a yanzu shekara 20 take hana kowa ƙera irin kayanka ba izininka, da sharaɗin ka bayyana wa duniya yadda ka haɗa shi. Ni dai ban ga laifinta ba, sai dai tsadar kayan kan mara lafiya take faɗawa, abin yana damuna sosai.

Ba na'urar zuciya kaɗai ba, har awon kumburi an ƙirƙiro masa na'ura. Da tef ake zagaya ƙafa ko a tsoma ta a ruwa a auna wanda ya zube, yanzu akwai na'ura mai aunawa da haske ba tare da ta taɓa fata ba.