Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Talotalon Bronx

Makon jiya na tsaya a inda ɗan Baffa ya sauka a filin jirgin JFK na birnin New York da jaka ɗaya da 'yar shadda, ga sanyin Nuwamba yana yankan kunne. Masu tambayar me ya sa har yau ba na halartar ɗaurin auren gidansu, ku yi haƙuri, muna tafe. Sai na fara bi ta kan talotalo.

Ya iso ne ana shirin bikin godiya na Amurkawa, Thanksgiving, wanda ke faɗowa ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Mu direbobin tasi ba ma mantawa da jajiberinsa. Ko ruwa ba ka samun sukunin sha, kowa na rige-rigen zuwa tashar Penn ko filin jirgi ya tafi gida, kamar Kano ana gobe Sallah. Washegari da safe a rufe titunan Manhattan saboda faretin kamfanin Macy's da suke yi tun 1924, da yamma kuma gari ya yi tsit, maza na gaban talabijin suna kallon ƙwallonsu ta ture-ture.

Uwargida ta ce ba za ta yarda yara su koma makaranta su ce ba a ci talotalo a gidansu ba. Na sayo yankan Musulmi, ta mulke shi da yajin tsire da tafarnuwa, ya kwana a firji, ya yini yana gasuwa. Jar miyar cranberry ɗin da suke haɗawa da shi ko buɗe gwangwanin ba mu yi ba. Kabewar ma da suke gasawa da sukari cikin fulawa, da Inna ta gani da ta ce an wulaƙanta miyar taushe.

Al'adarsu ce kafin a ci, kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Yara suka nace. Da aka zo kan ɗan Baffa sai ya miƙe tsaye, idanu jawur, ya ce, "Yaya, bayan Allah da Manzonsa, sai kai." Ni kuwa har na ji daɗi. Baba, Allah Ya jiƙansa, in an ambaci wancan gida abu ɗaya yake cewa: kaza, ci ki goge baki. Muna yara mun ɗauka tsohuwar rigimar gona ce take sa shi.

A daren ne babbar 'yata ta karanto mana abin da aka koya musu. Turawan Ingila 102 suka taso a jirgin ruwa Mayflower a 1620, suka sauka Plymouth, sanyi da cuta suka kashe kusan rabinsu. Wani ɗan ƙasar mai suna Squanto ya nuna musu yadda ake shuka masara a binne kifi ya zama taki. Da kakar 1621 ta yi kyau suka yi kwana 3 ana ci ana sha, Sarkin ƙabilar Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutane kusan 90, suka kawo barewa 5. Nan takardar makaranta ta tsaya.

Sauran labarin sai bayan shekaru na ji shi, lokacin da ita wannan yarinyar tana jami'a. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin baƙin da masu masaukinsu. Ɗan Massasoit na cikinsa, Metacom, aka kashe shi a 1676, aka tsire kansa a garin Plymouth ɗin. Shi ya sa tun 1970 jikokin 'yan ƙasar ke taruwa a can ranar bikin suna zaman makoki. Hutun ma ba tun farko ya zama na ƙasa duk shekara ba, Shugaba Lincoln ne ya ayyana shi a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasa. Shugaba Roosevelt ya sa aka yi shi mako guda kafin lokacinsa a 1939 don 'yan kasuwa su samu kwanakin ciniki, aka yi ta cece-kuce har majalisa ta tsayar da ranar a 1941. Tana faɗa ina jin muryar Baba. Ci ki goge baki.

Ni na koya wa ɗan Baffa hanyoyin Bronx da Harlem, ni na biya kuɗin lasisinsa, motata yake ja da dare. Ɗakin yarana maza aka raba da labule saboda shi. Duk da haka, saƙon da ya riƙa aikawa gida shi ne wai na mayar da shi bawa, har Baffa ya tara dangi a zaure aka kira ni a waya kamar mai laifi. Inna ba ta ce uffan ba ranar, sai bayan an watse ta kira ni ta ce, "Ubanka ya gaya maka."

Maganar filin Inna da kuɗin ginin da na damƙa masa lokacin da zai je ganin gida, wannan sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Masu kirana in janye rubutun nan, ku bar wahalar da kanku, rasit ɗin duk suna hannuna.