Yadda muke haɗa rundunar Jamus ta wasan yaƙin tebur, mu yi mata fenti

Aikin shagonmu shi ne haɗa 'yan ƙananan sojojin roba da na ƙarfe, mu yi musu fenti, don masu wasan yaƙin tebur. Rundunar Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu tana cikin waɗanda aka fi kawo mana. Kafin mu karɓi aiki, tambayar farko da muke yi wa mai kaya ita ce: wace shekara, kuma wane fagen daga? Amsar ita ce ke yanke komai, tun daga kwalin da za a saya har kalar takalmi.

Sojan Jamus na 1940 a Faransa yana sanye da doguwar but, rigarsa da kwala kore mai duhu, tankokinsa kuma ruwan toka ne mai duhu da ake kira Dunkelgrau. Daga Fabrairun 1943 aka koma yi wa motocin yaƙi rawaya mai duhu, Dunkelgelb, ana yi mata zane da kore da ja mai ruwan ƙasa. Sojan 1944 a Nomandi kuwa galibi gajeren takalmi ne da ɗaurin ƙwauri, da bindiga mai jigida MG42 da Panzerfaust, makamin harbin tanka da ake riƙewa a hannu. Idan aka ajiye tankar Panther mai ruwan tokar 1940 a kan tebur, masana za su gane kuskuren tun daga bakin ƙofa, domin sai a 1943 tankar ta shiga yaƙi. Haka shafen Zimmerit mai gurza-gurza a jikin tanka: an daina shi a Satumbar 1944.

Sai girman sojojin. Wasan Bolt Action na kamfanin Warlord Games da ke Notingham yana amfani da sojoji masu milimita 28, Flames of War kuma masu milimita 15. Ga sabon shiga a Bolt Action, shawararmu ita ce kwali ɗaya na Grenadiers, wato sojojin ƙasa, mai sojoji 30. Daga ciki za a fitar da hafsa da rukuni biyu ko uku, kowanne da bindiga mai jigida. A ƙara bindigar turmi ɗaya da motar yaƙi ɗaya, StuG III ko Panzer IV, an kama hanyar maki 1000 da aka saba wasa da su, tunda kowane soja da kowace mota suna da makinsu a wasan. Babbar tankar Tiger a bar ta tukuna. Tana cinye maki, ta bar mutum da tsirarun sojoji.

Haɗawa ta fi fenti cin lokaci, mutane ba su cika sanin haka ba. Kowane soja sai an kankare layin da injin zuba roba ya bari da bayan reza, musamman a saman hular kwano, domin fenti fito da shi yake yi, ba ya ɓoye shi. Roba da gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin, ƙarfe da rezin (wata irin roba mai tauri) da sufagulu. Rezin sai an wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, in ba haka ba maiƙon masana'anta zai sa fenti ya riƙa ɓarewa. A gwada hannaye da bindiga tare kafin a sa gam. Kowane soja a kafa shi a faifai mai faɗin milimita 25, a shafa farin gam na kafinta, a barbaɗa yashi mai laushi tun kafin fentin shimfiɗa, wato fentin farko da sauran za su hau kansa, don fentin ya riƙe yashin.

Fentin shimfiɗa na feshi ne, daga nisan santimita 20 zuwa 30, a taƙaice-taƙaice. In aka matso ya taru ya cike fuska. In aka yi nisa ko ana tsananin zafi, ya bushe a iska ya sauka da ƙurzunu.

Muna yin goma-goma, kala ɗaya a kan duka goman kafin a canza. Kaki da fentin Vallejo mai lamba 70.830, wato Feldgrau, ruwan toka mai kore-kore. A tsinka fentin da ruwa ya zama kamar madara, a yi shafa biyu. Shafa ɗaya mai kauri tana binne aljihu da maɓallai. Hular kwano da gwangwanin abin rufe fuska su ɗan fi kakin duhu, ɗamara da jakunkunan harsashi baƙi, kotar bindiga ruwan ƙasa. Sannan a bi duka da fentin inuwa mai ruwa-ruwa irin Agrax Earthshade, a tsotse wanda ya taru da busasshen buroshi kafin ya bushe ya bar tabo. In ya bushe sai a dawo da kalar farko a kan tudun kafaɗa, gwiwa da gwiwar hannu. A ƙaramin abu kala tana ƙara duhu a ido, don haka muke ɗan haska ta fiye da kakin gaske. Kuma ba ma damuwa in rigunan ba su zo ɗaya ba: a ƙarshen yaƙin ainihin yadin ma ya bambanta, wani ya fi kore, wani ya koma ruwan ƙasa.

Zanen ɓad-da-kama na Splittermuster nan ne ake yawan ɓata aiki. Ƙasansa ruwan ƙasa mai haske, a kai a zana ɓangarori masu kaifin kusurwa na ruwan ƙasa mai duhu da kore, sannan siraran layukan kore kamar ɗigon ruwa. Masu koyo suna cika layukan har zanen ya dagule. Kaɗan ya isa, tunda daga nisan hannu ake kallon sojan.

Sitikar gicciyen Balkenkreuz, alamar sojan Jamus, a jikin tanka sai an fara shafa fentin kariya mai ƙyalli a wurin, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashi, gefen ya yi fari-fari. Alamar suwastika ta 'yan Nazi ba ma sa ta. Dokar Jamus ta hana nuna ta a bainar jama'a, kuma rundunar ba ta rasa komai ba tare da ita ba.

Na ƙarshe shi ne fentin kariya marar ƙyalli. Kada a fesa shi ranar da ake damshi, yana iya yin hazo fari a kan aikin gaba ɗaya. A fara gwadawa a kan soja ɗaya. In hazon ya riga ya fito, shafa mai ƙyalli da buroshi yakan share shi, sannan a maimaita marar ƙyallin a busasshiyar rana. Ciyawar roba a faifai sai bayan wannan, don feshin yana sandarar da ita.