Dala 31 da ta tafi a gwanjon eBay saboda na tashi mai barci

Laptop ɗin ta iso lafiya, ThinkPad ce ta hannu, amma har yanzu in na buɗe ta sai dala 31 ɗin nan ta faɗo min a rai.

Lokacin da na gan ta a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, tana kan dala 62. Na taya 70, ko ƙiftawa ban yi ba sai ga 71, wai an wuce ni. Na sa 80, sai ga 81. Na ce wannan wane irin mutum ne da ya tare a gaban kwamfuta ba ya ko tashi? Ashe babu kowa a wajen. Shi tuntuni ya rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta ɓoye adadin, ita ke taya masa, duk wanda ya zo sai ta ɗora ɗan ƙari kaɗan a kan tayinsa. Ƙarin ma a ƙayyade yake, tsakanin dala 25 zuwa ƙasa da 100 dala ɗaya ce, daga 100 zuwa ƙasa da 250 kuma biyu da rabi.

To sai zuciya ta ɗebe ni na zuba 95. Nan na hau gaba a kan 91, ka ga iyakarsa 90 ce kenan. Ina ta murna, alhali da sauran lokaci sosai kafin a rufe, kuma da an wuce mutum saƙo ke zuwa masa. Bawan Allah ya dawo ya ɗaga iyakarsa. Ni na tashe shi da hannuna wallahi.

Daren rufewa na ƙi barci, don lokacin yamma a Amurka tsakar daren mu ne. Saura 'yan daƙiƙu na sa 151.37, ɗan canjin .37 ɗin nan da gangan ne, saboda in iyakarku ta zo ɗaya wanda ya riga sawa shi ke ɗauka. Aka sallama min a 122.50. Ba 151 na biya ba, tasa 120 ce aka ɗora biyu da rabi, wannan kam ya yi min daɗi, tsarin bai ci min ko sisi sama da haka ba. Amma da na duba jerin tayin na ga 90 ɗinsa ta farko sai raina ya sake ɓaci, da na yi shiru zuwa ƙarshe da wataƙila 91 zan biya, bambancin dala 31 da rabi kenan.

Kai da za ka shiga, fara lissafa kuɗin aikowa da na kwastan da canjin dala, abin da ya rage shi ne iyakarka ta gaskiya, ka rubuta ta sau ɗaya kusa da rufewa. Amma ka duba dokar wajen tukuna, eBay galibi lokacin rufewarsa tsayayye ne, wasu wuraren kuwa in tayi ya shigo a ƙarshe ƙara mintuna suke yi, dabarar ba ta ci a can. Kuma kar ka sa adadin da ba za ka iya biya ba don kana ganin ba za a kai can ba, in wani ya tura farashin har can sai ka biya.