Rubu'in ƙwaya da reza a hannu

Kullum da dare sai na raba ƙwayar magani gida huɗu. 'Yar ƙanwata ce mai shan maganin, a hannuna take, shekarunta biyar, likita ya rubuta mata rubu'in ƙwaya safe da dare saboda nauyinta, ita kuma ƙwayar don manya aka yi ta. Rabawa biyu ba wuya tunda akwai tsaga a tsakiya, amma daga rabi zuwa rubu'i nan fa ake yinta, kana ɗora reza sai ɓari ɗaya ya fito ƙato ɗaya ɗan mitsitsi, gari ya zube, wani lokacin ma guntun ya yi tsalle ya faɗa ƙasa ka bi shi da tocilan kana nema. Wallahi har yau in na miƙa mata sai gabana ya faɗi, ina tunanin ko na yau ya yi yawa, ko ya yi kaɗan.

Shi ya sa da na fara karanta labarin buga magani da firinta mai 3D na kasa ajiye waya.

Ba irin firintar takarda ba ce. Ita wannan gini take yi, tana shimfiɗa abu siriri ta ɗora wani a kansa, hawa kan hawa, har ƙwaya ta tashi da siffar da aka zana a kwamfuta. Wata tana baza garin magani ta ɗiga masa ruwa mai danƙo ya kama, wata tana narkar da zare mai magani a ciki da zafi, wata leza take haskawa gari ya manne, wata kuma kamar sirinji take, tana matso kwaɓi mai kauri. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, in ka canza lamba a kwamfuta girman ƙwayar ya canza, yawan maganin cikinta ma ya canza.

Wanda aka fi sani shi ne Spritam, maganin farfaɗiya na kamfanin Aprecia, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da shi a watan Agustan 2015, shi ne na farko. Ƙwayar tana da 'yan ƙofofi a jikinta kamar soso, ko da miligiram 1000 ne da kurɓin ruwa ɗaya take narkewa a baki cikin daƙiƙoƙi, kaga mai wahalar haɗiya ya huta. Amma gaskiya ni ba shi ne ya ɗauki hankalina ba, don a masana'anta ake yinsa kuma ma'auni huɗu ne kawai, 250, 500, 750 da 1000. Yaron da ke buƙatar wani abu tsakanin nan da nan har yanzu bai fita ba.

Wanda ya taɓa min zuciya wani gwaji ne da aka yi a asibitin jami'a na Santiago de Compostela a ƙasar Sifen, aka fitar da sakamakonsa a 2019, tare da kamfanin FabRx wanda ya samo asali daga jami'ar UCL ta Landan. Yara huɗu ne, 'yan shekara 3 zuwa 16, masu wata cuta ta gado da ba kasafai ake ganinta ba, wadda jiki ke kasa sarrafa wasu sinadaran furotin guda uku har fitsarin yaro ya riƙa wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ana ba su ƙarin wani sinadari mai suna isoleucine, kuma ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk sanda aka gwada jini ana iya ƙarawa ko a rage. Da can ma'aikatan famasi ne ke auna gari su cika kafso da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sai aka koma buga musu 'yan ƙwayoyi masu taushi da ake taunawa, da kala da ɗanɗano iri-iri, kowa daidai ma'auninsa. Da aka auna jininsu sai aka ga adadin sinadarin ya fi zama kusa da inda ake so, bai cika hawa da sauka ba, kuma yaran sun karɓa. Na san yara huɗu ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa danne yaro yana kuka yana furzar da magani mai ɗaci ya san nauyin kalmar nan "sun karɓa".

Tsofaffi ma suna ciki. Tun 2015 masu bincike a jami'ar Nottingham ta Ingila suka buga ƙwaya ɗaya mai magunguna biyar na zuciya da hawan jini da kitsen jini, biyu a ɗaki ɗaya a cikin ƙwayar su saki nan take, uku kuma kowanne a ɗakinsa su riƙa saki a hankali. Ka tuna dattijon da ke zazzago ƙwayoyi biyar a tafin hannu kowace safiya yana rasa wanne ya sha wanne bai sha ba. Kamfanin Triastek na Nanjing a Chaina kuma ya ƙera wata ƙwaya ta ciwon gaɓoɓi da ake sha kafin kwanciya, an tsara ta yadda maganin zai yi ƙarfi a jini da asuba, lokacin da gaɓoɓin suka fi sandarewa, a 2021 FDA ta ba su izinin gwada ta a jikin mutane. Har rubutun makafi an gwada bugawa a bayan ƙwaya don mutum ya shafa da yatsa ya gane abin da ke hannunsa.

To amma fa akwai inda nake jin tsoro, kuma bana so in ɓoye. Wasu magungunan zafi na lalata su, don haka ba kowace na'ura ta dace da kowane magani ba. Ga jinkiri, injin masana'anta na iya danne dubban ɗaruruwan ƙwayoyi cikin awa ɗaya, firinta kuwa ɗai-ɗai take bi, saboda haka babu wanda zai buga maganin ciwon kai na kowa da kowa da ita, kuma babu ma buƙata. Babbar maganar ita ce tabbatarwa. A masana'anta ana ɗebo wasu ƙwayoyin a niƙe a auna, in sun yi daidai a saki sauran, to in ƙwaya 30 kacal aka buga wa yarinya ɗaya nawa za a niƙe? Ana ta aikin amfani da wani haske da ke karanta abin da ke cikin ƙwaya ba tare da an fasa ta ba, kuma ni a ganina wannan aikin ya fi firintar kanta muhimmanci, don in aka yi kuskuren ɗigo ɗaya a kwamfuta 2.5 ya koma 25 na'ura ba za ta yi gardama ba, bugawa kawai za ta yi. Birtaniya ta fara aiki da doka a 2025 kan haɗa magani a kusa da gadon majinyaci, haka ya kamata, a hannun masanan magunguna a asibiti da famasi. Masu cewa wai nan gaba kowa zai buga nasa a ɗaki, ni ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Kuma maganin da ya yi kama da alewa dole a kulle shi sosai.

Na taɓa tunanin in niƙe ƙwayar gaba ɗaya in dama a ruwa in ɗebi rubu'i da sirinji, Allah ya taimake ni na tambayi ma'aikaciyar famasi tukuna, tace "a'a Hajiya kar ki fara," wani maganin baya narkewa a ruwa kwanciya yake a ƙasa, wani kuma an yi shi ne ya saki a hankali, in ka niƙe shi duk ya afka jini lokaci ɗaya. Ita ta nuna min 'yar na'urar yanka ƙwaya mai murfi, ta fi reza nesa ba kusa ba, duk da haka rubu'in baya fitowa daidai. Wata mai zuwa za a sake auna nauyin yarinyar, in ta ƙaru ma'aunin zai canza, ina addu'a ya faɗo kan rabi.