An yi fatiha, ba a sa hannu ba

Mutane suna yawan tambayata wai Barista me ya kai ka aikin sasanci da ba ko sisi, ga ofishinka ga shari'unka. To duk wanda ya taɓa leƙa babbar kotu a Ikeja da safe ya ga jerin ƙararrakin da ke gaban alƙali ɗaya, na bashi da na haya da na fili, ya san mutum ɗaya ba zai iya da su ba. Shi ya sa na yi horon sasanci na ba da sunana a sashen sasanci na babbar kotun Legas da ake ce wa Multi-Door, wanda aka buɗe tun 2002, kuma tun 2009 suke ware makon sasanci, alƙalai su tsamo fayil ɗin da suka ga za a iya kashewa da zama su turo mana. Mu ba ma yanke hukunci. In mutane sun daidaita a rubuta sharuɗɗan, kowa ya sa hannu, a kai wa alƙalin sasanci ya amince, daga nan takardar ta zama hukuncin kotu, wanda ya saɓa sai a bi dukiyarsa.

Yawanci lafiya lau ake gamawa, ba abin ba da labari. Guda ɗaya ce har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wasu 'yan kasuwa ne biyu na Mile 12, kuɗin albasa ne ya haɗa su, shari'ar ta yi shekaru ana ɗagewa, da rajistara ta ga sunayen sai ta ce ga naka nan. Wallahi na ji daɗi, don da na yi musu sallama da Hausa sai ka ga kafaɗun kowa sun sauka, abin da suka kasa faɗa ta bakin lauyoyinsu da tafinta duk suka zazzage shi a zama ɗaya. Ashe ma ba kuɗin ne ya fi ci wa mai bin bashin rai ba, gorin da aka yi masa ne a gaban yaransa a kasuwa. Wanda ake bi ya ba da haƙuri, ya amsa da bakinsa cewa kuɗin suna kansa, aka yafe masa wani kaso, saura zai biya kashi uku. Wani dattijo da ya rako su ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, har da hawaye.

Na ce Alhaji ku ɗan zauna a buga takardar ku sa hannu. Sai wanda ake bi ya ce "Haba Barista, bayan fatiha kuma sai wata takarda? Ai kamar ba a yarda da ni ba ke nan." Dattijon ya ce "Ƙyale su ɗana, ni ne shaida." Abin haushin, shi kansa mai bin kuɗin ya goya musu baya, wai kunya yake ji. Na yi magiya, lauyoyinsu biyu suka yi, na karanto musu ayar bashi ta cikin Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani kuma rubuta bashi take umarni, suka ce sadaƙallahu, bari su yi azahar su dawo. Daga masallaci sai waya, wai gosulo zai kama su a Ikorodu Road, sa zo wani satin. Mai sasanci kuma ba shi da ikon tsare kowa, ba alƙali ba ne ni.

Wani satin bai zo ba. Wanda ake bi ya tafi gida Sakkwato, ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ni ban taɓa zargin yana da niyyar cin kuɗin ba. Amma magada suka ce su ba su san da wani alkawari ba, abin da suka sani babansu ya musanta bashin a takardun da ke gaban kotu, kuma a takarda gaskiyarsu ne.

Nan ne abin ya fi yi min ciwo. Da kunnena na ji mutum ya amsa, amma duk abin da aka faɗa a ɗakin sasanci sirri ne, ba a kai shi gaban alƙali a matsayin hujja, ni ma ba zan shiga akwatin shaida in faɗa ba, don da za a riƙa yin haka ba wanda zai sake buɗe baki a gabanmu. Alƙalin sasanci kuma me zai amince da shi, fatiha? Haka fayil ya koma inda ya fito, alƙalin da na je rage wa kaya sai ga shi da ƙarin aiki, don yanzu sai an nemi a sauya sunan mamaci da na masu kula da gadonsa, su kuma ba sa gaggawar fito da takardar kula da gadon, me zai sa su yi.

'Yan'uwana lauyoyi da ke son shiga wannan aikin, musamman in mutanenmu ne na Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, ku shiga ɗakin da kwamfuta a buɗe, kuna magana kuna rubuta sharuɗɗan. Ni yanzu tun kafin a fara nake cewa sa hannu ƙa'idar kotu ce ba rashin yarda ba, sai kunyar ta koma kan kotu, kuma dattijon da ya rako su shi nake fara jawowa gefe in roƙe shi ya riƙe addu'arsa sai biro ya sauka. Da zarar an shafa, a wurinsu magana ta ƙare, ba mai sake sauraronka.

Alhajin mai albasa yana kirana duk ranar da aka ɗage, ya ce Barista ai kai ka ji da kunnenka. In ce na ji Alhaji, ka kira lauyanka. An sake ɗagewa sai bayan hutun kotu.